Kunyar Ɗiyar Fari

"In nonon bai zo ba zuwa ranar kasuwa, da ita nika tahiya."

Uwar maigidana ce ta faɗi haka. Sunanta Kulu, ko da yake bakina bai taɓa furta shi ba, Inna nake ce mata. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Tana zaune a bakin gado, jaririyar na kan cinyarta, tana taɓa maɗigarta da yatsa a hankali.

Gwaggo Zinariya, ƙanwar babana da ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ta ce, "Haba Kulu, a ƙara mata lokaci mana. Haihuwar hwari ta."

"Lokacin wa? Dubi wuyan takwarata, Zinariya. Husaina na can nono har zuba yake, ɗanta bai iya shanye shi."

Husaina matar wan maigidana ce. A Dareta suke, gida ɗaya da Inna. Ni kuma ina Gwashi, gidanmu, inda na zo goyon ciki na haihu, kuma nan zan zauna har in gama wankan jego. Tsakanin garuruwan nan yanzu ba tafiyar da mutum zai tashi ya yi don ransa ya so ba ce. Sai ranar kasuwa motoci ke haɗuwa su tafi tare, wani makon ma ba sa tafiya in an ji motsi a daji. In aka tafi da jaririyar ban san ranar da zan sake ganinta ba. Kuma yaro wadda ta ba shi nono ya sani.

Ina jin su, fuskata na kallon bango. Ba a sa ran in sa baki.

A wurinmu ɗiyar fari ba ta uwarta ba ce a gaban mutane. Ba ki ɗaukarta sai an miƙo miki. Ba ki yi mata wasa, ba ki kiran sunanta, in an tambaye ki lafiyarta sai ki yi kamar ba da ke ake ba. Tawa kuma aka sa mata Hauwa'u, sunan Inna na yanka, sai kunyar ta zama biyu. Ni kuwa dama tun ina yarinya an san ni da sunkuyar da kai. Ko a aji malam sai ya zo kusa da ni yake jin amsata. Ranar suna mata suka yi ta yabona. Wata ta ce, "Nusaiba ko kallon inda take ba ta yi." Wata ta ce, "Renon Zinariya na, ai dole." Na ga Gwaggo tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, bakinta ya ƙi rufuwa.

To amma nono ya ƙi sauka.

Ba wai babu ba ne. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, ya yi zafi, ko zani ya goge shi sai na cije leɓe. In jaririyar ta yi kuka, Gwaggo ce ke ɗauko ta, ta tallafe ta a jikina, ni kuma in kau da kai yadda ya kamata. Sai ta kama ta ja, ta ja, ta saki ta tsandara kuka. Ɗakin kuma bai taɓa rabuwa da mutane ba. 'Yan barka na fita wasu na shigowa, kowa da tata dabarar.

"Matsa mata shi."

"Ba nan za ki matsa ba, daga sama."

"Ɗaga ta kaɗan. Ke Nusaiba saki jikinki mana, kamar an dasa icce."

Duk sanda aka ce in saki jikina sai in ji ya ƙara ƙanƙamewa. Ɗan abin da ke fita bai kai ya jiƙa mata maƙogwaro ba. A ƙarshe Inna za ta karɓe ta, ta ɗiga mata nonon akuya da cokali har ta gaji ta yi barci.

Babu abin da ba a yi ba. Na sha kunun kanwa har na daina jin ɗanɗanonsa. An dafa mani sassaƙe, an gasa mani ƙirjin da ruwan zafi. Wata tsohuwa a maƙwabtanmu ta ce watakila nonon ne ba shi da kyau, shi ya sa yarinyar ke ƙi. Aka matso ɗigo kaɗan a ludayi da ƙyar, aka kamo tururuwa aka jefa. Duk muka zuba mata ido, har ni ta gefen mayafi. Ta yi iyo ta kama bakin ludayin ta fita abinta.

"To nono lahiya lau," in ji tsohuwar. "Mai shi ta hana."

Suna cikin wannan sai ga Dija ta yi sallama ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa. Bafulatana ce daga rugar da ke bayan gari, ita ke kawo wa Gwaggo nono tun ban san kaina ba, kuma ba ta shigo ta fita ba su tsokani juna ba. Da aka ba ta labari sai ta leƙo ta dube ni, ta dubi matan da suka kewaye ni.

"Ku Haɓe kun iya taro. Ni naggena, saniyar da nake tatsa, in baƙo ya tsaya mata a kai, ko ɗigo ba ta ba ni. Sai ta riƙe abinta. Sai an kawo mata ɗan maraƙin ta lashe shi ta shinshina, sannan ta saki."

"To sai a kai Nusaiba ruga a ɗaure ga turke," in ji wata.

"A kawo ta. Amma ku ku tsaya gida."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Gwaggo ta ce, "Ɗiyar tawa kika haɗawa da saniya? Auna mani nono ki tahi, kuma ban son wanda kika surka da ruwa." Ni dai na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya, kunnuwana na zafi.

Ban ga laifin Inna ba, ko a lokacin. A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a garinsu, 'ya'yanta biyu na ƙarshe ta binne, ɗaya na bin ɗaya. Ba ta taɓa yi mani zancen ba, wurin Gwaggo na ji. Amma kullum da safe ina ganin yadda Inna take ɗaga jaririyar a tafukanta biyu, ta ɗan yi sama da ita ta yi ƙasa, tana aunawa. Sai ta yi shiru. Shirun nan ya fi mani faɗa ciwo. A ɗakina take kwana, jaririyar na gefenta, ko motsi ta yi Inna ta riga ni tashi ta haska fitila.

Ana saura kwana kaɗan kasuwa, Gwaggo ta goya jaririyar muka tafi ƙaramin asibitin garinmu, inda na haihu. Malama Khairat ce a wurin, 'yar Gummi ce, ita ta karɓi haihuwata. Ta kwantar da jaririyar a sikeli ta duba, ta sake dubawa. Ban iya karanta abin da ya nuna ba, fuskarta na karanta.

"Ta ragu fiye da yadda nake so," ta ce. "Me take sha?"

Gwaggo ta yi mata bayani. Malama ta sa na buɗe ƙirjina ta taɓa, na runtse ido.

"Nono yana nan, har ya yi yawa. Abin da ke turo shi waje ne ba ya zuwa." Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. "Kin tuna allurar da na yi miki a cinya bayan ta faɗo? Wadda ta sa mararki ta murɗa?"

Na ɗaga kai alamar na tuna.

"Oksitosin sunanta. Ba mu muka ƙirƙiro shi ba, jikin mutum ke yin sa, daga cikin kai yake sauka ya bi jini. Shi ya kawo miki naƙuda. Shi ya tsuke mahaifarki jini bai ɓalle ba. Shi ne kuma ke matso nono ya sauko in yaro ya kama. Har son da uwa ke ji yana shigarta in ta rungumi ɗanta, da hannunsa a ciki."

Na ga kamar an buɗe mani ƙofa. Na tattaro duk ƙarfina na ce, ƙasa ƙasa, "To a ƙara mani ita."

"Me kika ce?"

"Allurar."

Ta yi murmushi, amma ba na dariya ba. "Sai in bi ki gida ina tsira miki allura duk sanda ta ji yunwa? Ba ta daɗewa a jiki, Nusaiba, kuma ba a wasa da ita. Naki na jiki shi za ki nema. Sai dai matsoraci ne. In kina cikin fargaba, ko kunya, ko an tsaya miki a kai ana kallo, ba ya fitowa."

"Yanzu kunya ta koma ciwo ke nan," in ji Gwaggo.

"Ban ce ba, Gwaggo. Ni ma da ita aka raine ni." Ta juyo gare ni. "Da wa ta yi kama?"

Ta jira, ta sake tambaya.

"Hancinki ne ko na babanta?"

Na san nauyinta a hannun Gwaggo. Na san kukanta, ko cikin yara goma zan fitar da shi. Amma fuskarta, abin da na sani shi ne abin da ake gani ta wutsiyar ido. Na ji hawaye na taruwa, na sunkuyar da kai don kada su gani.

Malama ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce in mun koma gida a bar ni ni kaɗai da ita a ɗaki, a rufe ƙofa. In cire mata kaya in kwantar da ita a ƙirjina, fata da fata, in dube ta, in shinshini kanta, in yi mata magana. Ta nuna mani yadda zan riƙa tatsa da hannu ana ba ta a cokali kafin nan, ta ce a bar nonon akuya. Ta ce in ta daina fitsari ko jikinta ya saki, a kawo ta ko da wane lokaci ne. Har mun miƙe Gwaggo ta faɗa mata zancen Husaina. Na tsaya ina jira ta ce a'a.

"In bai zo ba, ba zan ce kada a kai ta ba," in ji Malama. "Nonon wata ya fi yunwa."

A hanya Gwaggo na gaba ina binta. Sai da muka wuce masallaci ta yi magana, ba ta waiwayo ba.

"Ki ruhe ɗaki da ɗiyar hwari, uwar mijinki na tsakar gida tana kallo? Mi za ta tahi ta ce a garinsu? Ni ba a yi mani haka ba, uwarki ba ta yi ba, kuma ga ki kin rayu." Ta gyara goyon. "Ki daure dai. Zai zo."

Da muka isa, abin da ta faɗa wa Inna shi ne Malama ta ce nono na nan, a ƙara haƙuri, a riƙa tatsa. Sauran ta haɗiye. Ni kuma ba ni da bakin da zan ƙarasa.

Tatsar ma ba ta yi ba. Gwaggo ta matsa har na ga duhu, abin da aka samu bai rufe gindin kofi ba.

Da yamma maigidana Lukman ya kira daga Gummi inda yake aikin gini. Wayar Inna ya kira, ta sa ta a fili kowa na ji. Ta faɗa masa shawararta. Ya ce, "Yadda kika gani, Inna." Sannan ya ce a ba ni. Aka miƙo mani wayar, mata na kallona.

"Nusaiba, ya jikin?"

"Lahiya lau."

"Ke mi kika gani?"

Na dubi tabarma. "Lahiya lau," na sake cewa. Ya jira, na jira, har layin ya yanke.

Ana gobe kasuwa, da la'asar, Gwaggo ta kai ni makewayi wankan yamma. Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mani a baya, sai aka kira ta daga zaure, wai baƙi. Ta ce in jira ta, ta fita. Na zauna a kan kujerar wanka, tururi na tashi, babu kowa sai ni da katanga. Rabon da in zauna ni kaɗai tun kafin naƙuda. Na jingina kaina da bango na lumshe ido.

Sai na ji kukan jaririyar daga ɗaki. Ba mai ƙarfi ba, ƙarfin ya fara ƙare mata. A wurin babu wanda zan kau da kai dominsa, sai na saurara. Na saurara sosai, har na ji bakina na cewa, "Yi shiru, ga ni nan." Wani abu ya tsarga mani a ƙirji kamar ana tsira ƙananan ƙayoyi daga ciki. Na duba. Nono ne ke ɗiga a gwiwata, fari, daga duka biyun, babu wanda ya taɓa.

Na ɗaura zani ko ruwan ban tsane ba, na nufi ɗaki da sauri. Na iske shi cike, baƙin Gwaggo ne suka shigo barka. Suka bi ni da kallo.

"A'a, mai jego da gudu?"

Na zauna. Inna ta miƙa wa Gwaggo jaririyar, Gwaggo ta tallafa mani ita. Wuyana ya juya da kansa ya kalli bango. Ta kama, ta ja, ta ja. Ina jin abin yana komawa, kamar ruwan da ƙasa ke shanyewa. Ta saki ta fara kuka.

"Ɗazu ya zo," na ce.

"Mi?" in ji Gwaggo.

"Ya zuba. A makewayi."

Ta dubi zanina da ya jiƙe ko'ina. "Ruwan wanka na, ɗiyata. Tashi mu je in ƙarasa maki kahin ya huce."

Da gari ya waye Inna ta haɗa kayanta. Ta haɗa da na jaririyar, 'yan riguna da hulunan da aka kawo ranar suna, ta ƙulle a ɗankwali. Ina zaune ina kallon hannuwanta. Ta yi wa jaririyar wanka da kanta, ta shafa mata mai, ta sa mata kwalli. Aka aiko cewa Sharu direba ya ce motoci sun fara haɗuwa a bakin kasuwa, zai biyo ta ƙofar gida ya ɗauke ta, kada ta ɓata masa lokaci.

Maƙwabta suka shigo sallama. Wata ta ce ɗan Husaina ya yi asarar mata ke nan, tunda za su sha nono ɗaya. Aka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba, tana ta kai da kawo tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Inna ta sunkuya, aka aza mata jaririyar a baya, ta ɗaure da zani ta ƙara da majanyi. Ta tsaya a kaina.

"Nusaiba, ki yi haƙuri. Ba ƙwace na yi ba. Kina gama wanka ki ishe ta ta yi ƙiba."

Abin da ya kamata in ce shi ne Allah ya kiyaye hanya. Na buɗe baki, bai fito ba. Ta juya ta fita, matan suka bi ta. Daga inda nake ina hango ɗan kan a bayanta, cikin hula, yana lilo. A waje na ji ƙarar mota ta tsaya, aka danna hon.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ga dai ƙafafuna a tsakar gida, babu takalmi. Inna ta kusa zaure.

"A ba ni ita."

Babu wanda ya ji. Wata ma ta matsa mani hanya, ta ɗauka makewayi zan je. Inna ta sa ƙafa ɗaya a dokin ƙofa.

"Inna, a ba ni ɗiyata."

Wannan karon an ji. Wata ta kama haɓa. Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah, ashe tana da baki." Gwaggo ta kira sunana sau ɗaya, da irin muryar da take kirana in na fasa abu ina yarinya. Ban dube ta ba, don na san in na dube ta na koma ɗaki.

Inna ta juyo gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallona.

"Mi za ki yi da ita wanda ba a yi ba?"

"Ni kaɗai. A ɗaki. Kowa ya tsaya waje." Na matsa kusa da ita. "Malama ta ce. In bai zo ba ki tahi da ita."

Inna ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi ƙasa. Aka sake danna hon, mai tsawo.

"Kin dai ji Sharu," in ji Inna. Ta kwance majanyin.

Na karɓe ta da hannuna, a gaban kowa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya tsorata ni. Na shiga ɗaki na tura ƙyaure na sa sakata. Ƙarar sakatar ta cika gidan.

Na cire mata hula da riga. Na kwance zanina na jingina da bango, na kwantar da ita a ƙirjina. Jikinta da ɗumi, ƙasusuwan bayanta suna taɓa tafina ɗaya bayan ɗaya. Na kai mata nonon. Ta kama da ƙyar, ta ja kaɗan, ta tsaya. Babu abin da ya zo.

A waje ana ta magana ƙasa ƙasa. Na ji muryar Sharu daga zaure yana cewa shi fa ba zai bari motoci su tafi su bar shi ba, ba ya bin hanyar nan shi kaɗai. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncin Gwaggo a banza. Na matsa nonon da ƙarfi, zafi ya ratsa ni, ko ɗigo. Na lura ashe fuskata bango take kallo, a ɗakin da babu kowa.

Na juyo da fuskata na dube ta.

Girarta a haɗe take, irin ta babana. Kunnenta na hagu ya ɗan naɗe daga sama. Akwai gashi mai laushi a kafaɗunta, ban san jarirai na da shi ba. Leɓenta na sama ya yi 'yar bororo saboda tsotson da ba ya kawo komai. Ta buɗe ido ɗaya, kwallin ya ɗan zazzago, ta dube ni kamar tana tambayar ko ni wace ce.

Na sunkuya na sa hancina a kanta. Ƙanshin man da Inna ta shafa mata ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani, nata na kanta, ban san da me zan kwatanta shi ba. Na daɗe a haka. Aka buga ƙyaure, ban amsa ba.

"Ke," na ce mata. Ban san yadda ake yi musu magana ba. "Ke, kada ki tahi." Sai na rage murya har ni ma da ƙyar na ji, na kira ta da sunanta na yanka.

Ta motsa baki ta sake kamawa. Ta ja. Ƙayoyin nan suka tsarga mani a ƙirji, marata ta murɗa har na dafe gado. Sai jan nata ya canza, ya zama dogo, a hankali, kuma a bayan kowane ja ina jin wani ɗan sauti a maƙogwaronta. Haɗiya take. Ɗaya nonon ya fara zuba a cikinta yana gangarawa kan zanina. Ta ƙware ta yi tari, ta saki, ta yi fushi, ta sake cafka.

Ban motsa ba. Ko numfashi a hankali nake yi, ina tsoron kada ya ji ya koma.

Aka sake bugawa. "Nusaiba." Muryar Inna ce.

"Tana sha," na ce.

Ban buɗe ba sai da ta saki da kanta, hannunta ya faɗi gefe, yatsun a buɗe. Na ɗaura zani na zare sakata.

Inna ta shigo ita kaɗai. Ta karɓe ta, ta taɓa cikin, ta sa yatsa ta shafo abin da ya taru a gefen bakin ta duba. Ta dubi zanina. Ba ta ce madalla ba. Ta leƙa waje ta ce a gaya wa Sharu ya tafi, a sauke mata ƙullinta.

"Sha ɗaya ba ƙoshi ba na," ta ce da ta juyo. "Ina nan har kasuwa mai zuwa. Mu koma wurin Malama ta aza ta ga sikeli. In ba ta ƙaru ba da ita nika tahiya, ko kin yi birgima a tsakar gida."

"To, Inna."

Ta miƙo mani ita, ba ta bi ta hannun kowa ba. Ta fita ta jawo ƙyauren da kanta. Na ji ta ja kujera ta ajiye a bakin ƙofa ta zauna. Can na ji tafiyar Gwaggo ta wuce zuwa madafa, ba ta tsaya ba, kuma na san yau ba za ta yi mani magana ba.

Ba a daɗe ba wasu mata suka yi sallama, sun zo daga unguwar gabas yin barka.

"Mai jego na barci," in ji Inna. "Ku bar gaisuwar nan, in ta tashi in ba ta."

Ni kuwa idona biyu. Ina zaune da ita a ƙirjina, ina kallon cikinta na hawa yana sauka. In ta farka za ta nema, kuma ban san ko zai sake zuwa ba. Ta motsa kai, ta fara laluben zanina da baki.